Kuluwa da Amanar Gawo

Ga ta nan, ga ta nanku. Daga nesa ta taso, ku matsa mata ta sami wurin zama.

A wani gari da ake kira Ƙosau an yi wata mata mai suna Kuluwa, wadda tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa yarda da kowa ba. In ka gaishe ta da fara'a, sai ta leƙa bayan ɗakinta ta ga ko wani abu ya ɓata. In ka yaba kazarta, ranar kazar a ɗaki za ta wuni. Kullum maganarta ita ce, banza ba ta kai zomo kasuwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suna aure a wasu garuruwa, ba ta da komai sai gonar da ta gada wurin ubanta. Wannan gona kuwa, gara a ce mata ga ranar mutuwarki da a ce mata ga ranar da za ki bar ta.

Abin da ya riƙe Ƙosau shi ne gawo. Ku na yanzu ba lalle ku san halinsa ba. Itace ne mai taurin kai. Da damina, sa'ad da kowane itace yake ado da ganye, shi sai ya tuɓe nasa ya zubar, ya tsaya tsirara. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana ta ratsa rassan ta sami gero. Geron gindin gawo, zangarniyarsa kamar damtsen ƙato. Da rani kuma, kowa ya bushe, shi sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'yansa jajaye masu lanƙwasa.

To, tun zamanin kakan maigari aka yi wata rigima a kan ɓarnar awaki, har aka fasa wa wani kai. Daga nan aka kafa doka: kowace dabba a turke, rani da damina. 'Ya'yan gawo kuwa mata su tsince tas, su daka a turmi, su kai wa dabbobi har inda suke ɗaure. Aka zauna lafiya, ba ɓarna ba faɗa. Sai dai shekara arba'in ba wanda ya ƙara ganin ƙaramin gawo ya fito a ƙasar Ƙosau, kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Tsofaffin itatuwan suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan sama ya koma zuwa a makare, ya ɗauke da wuri. Gonaki suka zama rairayi, gero ya koma kamar wutsiyar ɓera.

Ranar da gawon ƙarshe ya faɗi a bakin gari, Maigari Jatau ya tara jama'a ya ce, "Ƙasar nan ta sallame mu. Ranar da aka ga shamuwa ta farko, ranar za mu ɗaure kaya mu yi kudu, mu sami wuri kafin a yi shuka."

Kowa ya sunkuyar da kai. Sai muryar Kuluwa daga bayan mata: "Ranka ya daɗe, wa ka yi wa alkawarin gonakinmu in mun tashi?"

Maigari ya ce, "Haba Kuluwa! Wa zai karɓi rairayi ko kyauta?"

Ta ce, "Oho. Ruwa dai ba ya tsami banza."

Da rana ta take tsaka, lokacin da mai hankali ba ya yawo a gindin itace, ta ɗauki fartanyarta ta nufi gawon da ya faɗi. A zatonta wani ne ya binne masa asiri, kuma sai ta tono shi ta kai gaban jama'a. Ta shiga ramin da saiwoyin suka bari ta sara sau ɗaya, sau biyu. A na uku ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye ta.

Ta faɗo a bakin wani fili fari fat, ba farkonsa ba ƙarshensa. Sama cike take da waɗansu 'yan mitsi-mitsin mutane, kowanne riƙe da farar laima, suna shawagi. Ta dube su da kyau, ta gane 'ya'yan tumfafiya ne da na rimi. Wani dogon mutum yana kora su da bakin rigarsa, kansa a cikin gajimare, ƙasan rigar kuwa ba ƙafafu.

Ya sunkuyo ya ce, "Ke 'yar Adam, me ya kawo mai nauyi ƙasar marasa nauyi?"

Kuluwa ta ce, "Wa ke tambaya?"

"Ni ne Iska, mai jigilar waɗannan. Wanda duk ya faɗo ta ramin gawo, Birnin Iri yake nema, inda kowane iri na duniya yake da ɗaki. Filin nan kuwa ba ya ɗaukar tafin ƙafa. Kama igiyoyin laimar nan guda ɗari, in haye da ke."

Da ta ji an ce akwai inda irin gawo yake, sai ta tuna gonar ubanta. Ta ce, "Me za ka samu in ka kai ni?"

"Babu."

"To ka rantse za ka sauke ni lafiya."

Iska ya yi dariya har 'yan laima suka watse. Ya ce, "Ban taɓa yi wa kowa alkawari ba. Cikin dubun da nake ɗauka, ɗaya ke sauka a wuri mai dausayi. Saura kan dutse, ko cikin tafki, ko bakin kaza."

Kuluwa ta dube shi. A ranta ta ce, da maƙaryaci ne da ya rantse. Ta ɗaure zanenta tamau, ta tattara igiyoyi ɗari a hannu biyu. Iska ya hura. Ta tashi sama tana salati, ƙafafu suna reto, ɗankwali ya tafi abinsa. Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya manta da ita, ya tuna, sannan ya yar da ita a hayin filin kamar tsumma. Ba ta karye ba. Kafin ta ce ta gode ya yi gaba.

Tana miƙewa ta ga runduna ta tare hanya, dakaru ƙanana kamar ƙwayar dawa, kowanne jikinsa duk masu. Ƙarangiya ce. Babbansu ya tako gaba ya ce, "'Yar Adam, ba a wuce mu sai an biya hanya."

Ta ce, "Ba ni da ko anini."

"Ba ma cin anini. Biyanmu a ɗauke mu. Nan inda aka haife mu ya cika, uwa ta tare wa 'ya'ya rana. In muka zauna gindinta duk mu mutu."

"In na ƙi fa?"

Babban ya ce, "Ladabi ne ya sa muka tambaya. Kura ma ba ta ƙi ba."

Kafin ta buɗe baki sun hau ta. Zane, riga, gashin kai, tsakanin yatsun ƙafa, ba inda suka bari. Ta yi ta tafiya tana tsaki tana zaginsu, su kuma suna ta hira a jikinta kamar 'yan kasuwa a kan jaki. Duk inda suka ga fili sai goma su ce, "Nan muka sauka, Allah ya kai ki," su faɗi. Da ta kai ƙarshen ƙasarsu ba saura ko ɗaya, sai zogi. Ta laluba ƙugunta ta ji ko sun tafi da wani abu. Ba su ɗauki komai ba, abin har ya ba ta haushi.

Gaba kaɗan ta shiga wani kurmi. A kan reshen wata kaɗanya ta ga mace zaune, kyakkyawa, sanye da ja, ta sha lalle har gwiwar hannu.

Matar ta ce, "Wayyo Yaya, sannu da hanya! Dubi yadda 'yan banzan nan suka yi miki. Ni sunana Kauci. Wani tsuntsu ne ya ɗauko ni, ya goge bakinsa a reshen nan, ya tafi ya bar ni. Ki taimake ni ki ɗora ni a kafaɗa zuwa birni. Na san gajeriyar hanya, na san masu gadi, da bakina za a buɗe miki ƙofa."

Kuluwa ta ce, "Ƙafafunki fa?"

"Ban taɓa taka ƙasa ba, Yaya, ba na jure ta. Amma ba ni da nauyi, ba na cin komai. Ɗan ruwa kawai nake tsotsa."

Kuluwa ta ɗaga kai ta dubi kaɗanyar. Daga inda matar take zaune har ƙarshen reshen ba ganye ko ɗaya. Ta duba da kyau, ta ga ashe ba zaune take a kan reshen ba, ƙugunta ya nutse a cikinsa.

Ta ce, "Wannan da kike kansa, shi ma ɗan ruwan kika tsotsa?"

Sai kaɗanyar ta yi wani nishi daga can cikin kututture, ta ce, "Shekara tara ke nan da ta ce mini kwana ɗaya za ta yi."

Kuluwa ta ja da baya, ta zagaye itacen daga nesa. Kauci ta daina murmushi, ta bi ta da ashar. Ita kuwa Kuluwa tafiya take tana jinjina wa kanta, tana cewa, "Su ce zato zunubi ne. Yau da ban yi zato ba da na zama kututture." Ku riƙe wannan, domin daga nan ne ta ƙara tabbata cewa duk abin da ranta ya raya mata gaskiya ne.

Birnin Iri ba shi da ganuwa, ba shi da kasuwa. Rumbuna ne jere, dubu bisa dubu, har inda ido ya gaza. Tururuwa manya kamar jakuna suna shiga suna fita da kaya a ka, ba mai yi wa wani magana. Daga cikin rumbunan ba abin da ke fitowa sai numfashin masu barci. Wata tururuwa ta shinshina Kuluwa, ta tura ta gaba da kai har gindin wani suri mai tsawon rimi.

A kan surin wata tsohuwa take zaune. Gashinta saiwoyi ne, sun sauko sun shige ƙasa. Rabin jikinta ɗanye shar, rabi busasshe ƙayau. Kuluwa ta durƙusa.

Tsohuwar ta ce, "Ni ce Magajiyar Iri. Duk wanda ke jiran lokacinsa, a wurina yake kwana. Akwai mai jiran wuta ta bi ta kansa kafin ya farka. Akwai mai jiran ambaliya. Akwai wanda ya shekara ɗari a rumbun can yana jiran babban itace ya faɗi ya ba shi rana. Ke me kike jira, 'yar Adam?"

Kuluwa ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ba jira nake ba, lokaci ne ya ƙure mini. Gawon garinmu ya ƙare, ƙasa ta mutu, za a tashi a bar gonar ubana. Iri na zo roƙo."

"Wane gari?"

"Ƙosau, ranki ya daɗe."

Nan take numfashin rumbunan ya tsaya. Sai raɗa ta tashi daga wannan rumbu zuwa wancan, kamar ruwa a kan ganye: "Masu turmi. Masu turmi ne. Masu turmi sun zo."

Kuluwa ta ji abin a matsayin zagi, ta haɗiye shi, ta ajiye a ranta.

Magajiya ta ɗaga busasshen hannunta, aka yi tsit. Ta ce, "Gidan Gawo sun yi rantsuwa ba za su ƙara aika ɗa Ƙosau ba. Amma ke kin bi Iska ba tare da alkawari ba, kin yi wa Ƙarangiya dako, kin gane Kauci. Ba a mai da irinki hannu wofi." Ta miƙa ɗanyen hannunta cikin surin, ta zaro 'ya'yan gawo bakwai, jajaye kamar garwashi. "Waɗannan ba irin na duniyarku ba ne. In suka farka, abin da gawo ke yi a shekara goma za su yi shi a damina ɗaya. Karɓi. Amana ce na ba ki."

Kuluwa ta karɓa da hannu biyu, ta ƙulle a bakin zane, ƙulli uku.

Magajiya ta ce, "Buɗe kunnenki. Amanar nan, za a ci ta."

Kuluwa ta ɗago kai. Ta ce, "Wa zai ci amanata?"

"Na kusa da ke. Katanga ɗaya ce tsakaninku. Kuma ranar da aka ci ta... Ke, kin sha hanya. Zauna ki sha ruwa, in warware miki zancen daga tushe."

Wata tururuwa ta taho da ƙwarya cike da ruwa mai sanyi. Kuluwa ta dubi ruwan. Ta tuna an ce wanda ya sha ruwan mutanen ɓoye ba ya komawa gida. Ta tuna raɗar rumbuna. Ta ce a ranta, sun ba ni da hannun dama za su karɓe da na hagu. Ta miƙe kamar za ta gyara zama, ta kwasa da gudu, ta faɗa ramin da ta ga tururuwa suna fitowa da kaya. Magajiya tana kira, "Tsaya, 'yar Adam, saura rabin magana!" Kuluwa ta toshe kunne ta yi ta rarrafe, har ta ɓullo ta cikin wani suri a bayan gidanta, rana tsaka, jiki duk jar ƙasa.

Wadda katanga ɗaya ta raba su ita ce Yalwa, mace mai yawan dariya, mai sayar da ƙosai, wadda dukiyarta duka akuya ɗaya ce, Ƙyalla. Kuluwa tana shiga gida Yalwa ta leƙo ta kan katanga.

"Yaya Kuluwa! Kwana uku ban ji tarinki ba, har na ce a fasa ƙofa. Ina kika shiga? Mene ne wannan a bakin zanenki?"

Kuluwa ta ce a ranta, in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. A fili ta ce, "Ciwon kai ne. Kina so?"

Ta zuba 'ya'yan gawon a tulu, ta rufe da toka kamar yadda ake ajiyar iri, ta liƙe bakin da laka. Ko rijiya za ta, tulun yana goye a bayanta. Ta fasa ɗaya daga cikin 'ya'yan gawon ta shuka ƙwayoyin a tsakar gida, ta yi ta ban ruwa kwana bakwai. Shiru. Ta tono su, ta same su yadda ta binne su, tauri kamar tsakuwa. Ta ce lalle Yalwa ta yi musu baki. Ta fasa na biyu ta shuka a cikin ɗaki inda ido ba ya kai. Shiru. Saura biyar.

Magana ba ta ɓuya a ƙaramin gari. Maigari Jatau ya zo da kansa ya tsaya a zaure ya ce, "An ce kin samo iri. Ki kawo mu gwada a fadama, ko hannun wani ya fi sa'a."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ce maka?"

"Gari ya ce."

"To gari ya ba ka."

Ran nan fatake suka kawo labari an ga shamuwa a garin da ke kudu da su, tafiyar kwana uku. Mata suka fara wanke tukwane suna jerawa a kwando. Ranar ce kuma Kuluwa ta kara kunne a tulu ta ji ƙwas-ƙwas a ciki: ƙwaro ya shiga. Ba makawa sai an shanya. Ta fasa lakar, ta baza biyar ɗin a faifai a tsakar gida, ta zauna a gefe da taɓarya a cinya.

Sai sallama a ƙofa. Muryar Yalwa. "Yaya, ƙosai ne ya rage, na ce kada ki wuni da yunwa."

Kuluwa ta ce a ranta, yauwa, ga ranar ta zo. Ta tashi da taɓarya ta tare bakin zaure, ta cika ƙofar da jikinta.

"Ƙosai ko leƙen asiri?"

"Wane asiri, Yaya? Shekara ashirin muna maƙwabtaka, ko allurarki na taɓa ɗauka?"

"Ba ki ga inda nake ajiyewa ba ne."

Suna cikin haka, wannan ta faɗa waccan ta mayar, Kuluwa ta ji ƙurus-ƙurus a bayanta. Ta waiwaya. Ƙyalla ce tsaye a kan faifai, guntun igiya a wuya. Ƙanshin gawo ya kai mata, ta cinye igiyarta, ta haura ta inda katanga ta zube. Wutsiyar na biyar ce kawai ta rage a bakinta, ita ma ta shige.

Ihun da Kuluwa ta yi, har a rijiya aka ji. Ta ja akuyar da kunne har ƙofar maigari, Yalwa tana biye tana kuka, gari duk ya biyo su. Maigari ya saurara, ya ce, "Hukunci a fili yake. Dabba ta tsinke ta yi ɓarna, ta zama ta mai ɓarna. A kira Sarkin Fawa ya yanka ta yanzu, a ciro irin tun bai narke ba."

Sarkin Fawa ya zo yana wasa wuƙa. Aka kayar da Ƙyalla. Yalwa ta faɗi tana birgima tana cewa ita ke nan gare ta. Kuluwa kuwa tana tsaye a kanta tana nuna ta da yatsa.

"An faɗa mini! Tun a can aka ce mini za a ci amanata, aka ce na kusa da ni ne, katanga ɗaya! Ga ta nan, maciya amana!"

Yalwa ta ɗago da hawaye ta ce, "Wallahi Yaya ni ban ci amanarki ba. Akuya ce ta ci. Da bakinta ta ci, ga ta nan har yanzu tana tuƙa!"

Wasu suka fashe da dariya. Kuluwa ba ta yi ba. Ta dubi muƙamuƙin akuyar yana juyawa. Za a ci ta, in ji Magajiya. Ba ta ce za a yaudare ki ba, ba ta ce za a sace ba. Ci ta ce. Ta tuna ƙwayoyin da ta tono, masu taurin da ruwan kwana bakwai bai ratsa ba. Ta tuna raɗar rumbuna. Shekara arba'in suna daka 'ya'yan gawo a turmi, ba ƙwaya ɗaya da ta shiga cikin dabba da ranta, ba dabba ɗaya da ta taka gona.

Wuƙa ta kai wuya, Kuluwa ta yi tsalle ta riƙe hannun Sarkin Fawa.

"Kada ka yanka! Ku sake ta. Ku cire mata igiyar, ta shiga gonaki."

Sarkin Fawa ya ce, "Ke kika kawo ƙara, ke kuma kike hana hukunci?"

Wata tsohuwa ta ce, "Kwana ukun nan da ta ɓata, iska ta taɓa ta."

Wani ya ce, "A'a, da walakin. Baki suka haɗa da Yalwa, so suke mu tafi su riƙe irin su kaɗai."

Wani kuma ya ce, "Wa ma ya ga irin da idonsa?"

Kuluwa ta juya ta ga idanun gari duka a kanta, kowanne a ƙanƙance, irin kallon da ta shekara hamsin tana yi wa mutane. Ba daɗi. Ta durƙusa gaban maigari ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da shaida. An so a ba ni cikakken bayani, na gudu na bar shi. Abin da na gane shi ne, ɗan gawo barcinsa nauyi gare shi, ruwa ba ya tashinsa. Sai ya bi ta cikin dabba rigarsa ta yi laushi, ta kai shi nesa da gindin uwarsa, ta ajiye shi da takinsa."

Maigari ya ce, "Dokar kakana ce, dabba ba ta yawo a Ƙosau."

Ta ce, "Nan da kwana uku ba Ƙosau. Wa dokar za ta tsare, rairayi?"

Maigari ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Zuwa ranar shamuwa. Ko yini ɗaya ba zan ƙara ba."

Aka kwance Ƙyalla. Baiwar Allah tun da aka haife ta ba ta san sakewa ba. Ta tsaya tana waige, sannan ta yi wani tsalle ta nufi gonaki. Kuluwa ta bi ta da goran ruwa. Kwana uku matar da ba ta taɓa bin bayan kowa ba tana bin bayan akuya. In akuyar ta tsaya, ita ma ta tsaya. In ta kwanta, ta yi mata inuwa da zane. In ta ɗaga wutsiya, Kuluwa ta ce, "Madalla, Allah ya ƙara," ta tura ƙasa ta rufe. Masu wucewa suna kaɗa kai suna cewa Allah ya ba ta lafiya.

A rana ta uku da hantsi shamuwa ta sauka a kan rumbun maigari. Aka fito da kaya, aka ɗora wa jakuna. Ana cikin ɗauri hadari ya taso daga gabas, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kowa ya fake. Da ya ɗauke, Yalwa ce ta fita neman akuyarta. Sai ga ta ta dawo da gudu ba ɗankwali.

"Ku zo ku gani! Ku zo ku ga kashin Ƙyalla!"

Duk inda akuyar ta tsuguna, ɗan tsiro ya fasa ƙasa, ganye sirara kamar gashin tsuntsu. Suna tsaye suna kallo ya kai idon sawu. Kafin azahar ya kai gwiwa. Maigari Jatau ya tsuguna ya taɓa ƙayar da yatsa, ta soke shi, ya dubi jinin ya yi dariya. Bai ce a sauke kaya ba. Kowa da kansa ya je ya kwance jakinsa.

A daminar nan gawo ya tashi a gonar maigari, da ta Sarkin Fawa, da ta tsohuwar da ta ce iska ta taɓa Kuluwa, da bakin hanya, har da bayan masallaci. Gona ɗaya ce tak ba ta samu ba. Gonar Kuluwa kewaye take da shingen ƙaya mai tsayin mutum, wanda ta yi shekaru tana ƙara masa kauri, ko zomo ba ya ratsawa. Ƙyalla ta zo bakinsa sau biyu ta juya. Da kaka kowa ya cika rumbu, ita ta tashi da dami uku.

Da rani ya shigo sababbin itatuwan suka zubo 'ya'ya, maigari ya sa aka yi shela: daga girbi zuwa shuka, a saki dabbobi, kuma turmi ya bar gawo. Kuluwa ta ɗauki gatari ta sare shingenta, kwana huɗu tana ja tana ƙonawa, hannu duk jini. Amma awakin gari sun san jifarta tun suna leƙe daga turke, ko ƙofar gonar ba sa bi.

Ran nan da safe Yalwa tana suya ta ji sallama. Ta ɗaga kai ta ga Kuluwa a zaurenta, karo na farko a shekara ashirin.

"Yaya! Lafiya?"

"Aro na zo."

"Aron me?"

Kuluwa ta dubi ƙasa ta ce, "Ƙyalla."

Yalwa ta ajiye matsami ta riƙe haɓa. "Ɓarauniyar?"

"Ita. Ban ce ta tuba ba. Wadda ta san aikin nake nema."

"To ai kunnenta da kika ja har yanzu bai miƙe ba. Sai dai ki roƙe ta da kanki."

Kuluwa ta je gaban akuyar ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, yadda ta yi wa Magajiya. Ta ce, "Ranki ya daɗe, gonar ubana tana gaishe ki." Ƙyalla ta dube ta tana tuƙa, ta yi atishawa, ta miƙe ta nufi ƙofa. Kuluwa ta bi ta. Har ta kai zaure ta tsaya, ta waiwayo, ta ƙanƙance ido.

"Yalwa, tsakaninki da Allah, ta ci gawon ta ƙoshi? Kada ki ba ni ita da ciki wofi."

Yalwa ta yi dariya har mai ya ƙone. Damina na zuwa gawo tara suka fito a gonar Kuluwa, kuma a gindin babbansu ta tsufa.

Ƙurunƙus kan ɗan akuya. In da ƙarya a ciki, Iska ne ya kawo ta, shi kuwa bai yi wa kowa alkawari ba.